Jarumin Waya Da Jarumin Dandali

Yau hirarmu a kan wasa take. Kada ki ce ai sha'anin yara ne ki juya shafi, domin barcin ɗanki da gumin goshinsa suna ciki.

In kin san ƙasar Kura da Bunkure, kin san tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir. Yaro ya je tsinkar tumatir ko korar tsuntsu, la'asar ta yi masa da 'yan kuɗinsa a aljihu. To ina kuɗin suke zuwa? Na waɗansu wajen sayen data da biyan mai caji suke ƙarewa, saboda wasan jarumai na cikin waya.

A irin wannan wasa yaro yakan zaɓi jarumi, kamar Spider-Man, mai hawa bango irin na gizo-gizo, wanda aka ƙago a Amurka a 1962, ya shiga intanet ya kara da waɗansu. In kin tambayi masu yi, za su ce miki daɗinsa ba ka jiran kowa, ko tsakar dare akwai abokin karawa. Amma su ma da bakinsu suna kuka: data na ƙarewa kamar ruwa a rariya, a wasanni da yawa mai kuɗi shi ke sayen jarumi mafi ƙarfi, ga kuma zagi daga mutanen da ba a san su ba.

A can Amurka kuwa akwai masu wani ra'ayi dabam. A shekarar da aka gama Tiga aka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane kaɗan ne ke zama kewaye da tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama jarumi a cikinsa, ana jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga wanda dabararsa ta ci. Masoyansa suna cewa a nan su ke ƙaga labarin, ba inji ke jan su ba. Kukansu shi ne wuyar tara mutane da yawan dokoki.

Shin wannan baƙon abu ne gare mu? Ko kusa. Tuna da tashe, yadda daga goma ga azumi 'yan mata kan yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama maigida. Tuna da kalankuwa bayan kaka, inda samari kan naɗa sarki da alƙali a tsakaninsu. Tuna da Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka. Duk shiga rigar wani ne, amma ido na ganin ido, kuma ba a biyan ko kwabo. A nan yaro ke koyon magana a gaban jama'a, da haƙuri in an kayar da shi.

Ban ce ki ƙwace wayar ki fasa ba, domin hani ga yaro kwaɗaitarwa ne. Amma ki sani a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin nan cikin jerin cututtuka, wato in wasa ya fi ƙarfin mutum har ya ture karatu da sauran hidimominsa. Saboda haka ki zauna da ɗanki, ki ce ya nuna miki jaruminsa, ki ji abin da ke burge shi. Ku yanka lokaci, bayan isha waya ta kwana a ɗakinki. Ki kuma tambaye shi nawa ya kashe a mako.

Ke kuma 'yar makaranta, tara ƙannenki a tsakar gida da farin wata. Fara labari, ba kowa suna da aiki, ki bar su su kai shi ƙarshe. Za ki sha mamakin abin da ke cikin kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun sake saduwa, Allah ya shirya mana zuri'a.