Daga Alkakin Gara Zuwa Na Cakulan: Sana'ar Da Matan Konduga Za Su Iya Yi A Cikin Gida

Matafiyin da ya tashi daga Maiduguri ya kama hanyar Bama, yakan ratsa Dalori, sa'an nan ya iske Konduga a bakin kogin Ngadda, kafin ya kai Kawuri. Garin yana kan wani dogon tudun rairayi wanda masana suka tabbatar shi ne gaɓar Tafkin Chadi a zamanin da ruwansa ya mamaye wannan yanki. A kan tudun nan ne masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Farankfut ta Jamus da ta Maiduguri suka tono fasassun tukwane waɗanda suka haura shekara 6,000. Watau ke nan, ɗora tukunya a kan wuta ba baƙon abu ba ne a Konduga.

Amma kowa ya san irin wahalar da mutanen wannan gari suka sha a shekarun baya. An kai musu hari a masallaci cikin watan Agusta 2013, aka sake kai wani cikin Fabrairu 2014, jama'a da yawa suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri. Bayan an fara komawa gida kuma, sai madatsar ruwa ta Alau, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Konduga, ta ɓalle ran 10 ga Satumba 2024, ruwa ya ci gonaki da gidaje har cikin birnin Maiduguri. Mata da yawa an bar su da marayu, ba gona, ba jari. Ga irin waɗannan mata, sana'ar da za a iya yi a tsakar gida da murhu ɗaya da kasko ɗaya, ita ce bambancin kwana da yunwa da kwana da abinci.

Dangi ne na nesa

A ƙasar Hausa da ta Barno, in an ce gara, to, an ce alkaki da nakiya da dubulan da cincin. Su ne iyayen amarya kan cika kwalla da su a kai gidan ango, a raba wa dangi, kuma da kyawunsu ake auna ƙoƙarin uwar amarya. Alkaki kuwa shi ne sarkinsu. Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da nono ko yis a bar ta ta kwana ta yi tsami, da safe a kashe tsamin da ruwan kanwa, a murza, a naɗe, a soya, sa'an nan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari. Sunan ma daga Larabci ya zo, daga kalmar ka'ak, wani zoben gurasa da ake ci a Masar da Sham har yau.

Turawa ma suna da nasu. Jamusawa suna kiransa Brezel, Amurkawa kuma pretzel. Ƙullin fulawa ne da ake murzawa kamar igiya, a harɗe bakinsa biyu kamar mutum ya rungume hannuwa a ƙirji, a gasa, a barbaɗa gishiri. Tun ƙarni na 12 masu gashin burodi a ƙasashen Jamusawa suke sa siffarsa a matsayin tambarin sana'arsu. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa jihar Fensilbaniya ta Amurka su suka tafi da shi can, inda wani mai suna Julius Sturgis ya buɗe gidan gasa shi don sayarwa a garin Lititz cikin 1861. Daga baya sai aka shiga tsoma busasshensa cikin narkakken sukari da cakulan, domin zaƙi da gishiri da garɗi su haɗu a baki ɗaya. Yanzu shi ne ake gani cikin leda mai ƙyalli a manyan kantuna, da tsadar da talaka ba ya ko tayawa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, sirrin alkakinmu da na Turawan ɗaya ne. Kafin su gasa nasu, sai sun tsoma shi cikin ruwa mai kanwa-kanwa, shi ne ke sa bayansa ya yi ja da sheƙi, ya kuma ba shi ɗanɗanon da ya bambanta shi da burodi. Mu kuwa ga kanwa ungurnu a ƙofar gida, wadda fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga yankin Tafkin Chadi suna kaiwa har Kano da ƙasar Nufe. Macen da ta iya naɗin alkaki ta riga ta iya rabin aikin.

Yadda ake haɗa ƙullin

Uwargida za ta tankaɗe fulawa kofi 4, ta zuba yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari babban cokali 1, da man shanu ko man gyaɗa babban cokali 2. Sai ta kwaɓa da ruwa mai ɗumi kamar kofi ɗaya da kwata, tana zubawa kaɗan-kaɗan, don ƙullin ya yi tauri fiye da na fanke nesa ba kusa ba. Ta buga shi sosai kamar minti 10, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta ajiye awa guda ya tashi.

Bayan nan sai ta riƙa gutsura tana murzawa a kan tire, kaurinsa kada ya wuce na fensir. In ta ga dama ta harɗe shi irin na Turawa, in ta ga dama ta yi naɗin alkaki, ko kuwa ta bar shi miƙaƙƙe tsawon ɗan yatsa biyu, wanda ya fi sauƙin tsomawa. Ta tafasa ruwa lita 2 da soda ta girki babban cokali 4, ko kuwa ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace ƙasarsa sarai. Ta riƙa jefa su cikin ruwan na kamar rabin minti, ta tsame da matsami, ta jera a farantin da aka shafa wa mai, ta barbaɗa gishiri kaɗan. A nan akwai gargaɗi: masu gashin Jamus suna amfani da soda mai ƙuna, irin wadda ake sabulu da ita, amma suna da ma'auni da safar hannu. Kada wadda ta kuskura ta gwada wannan a gida.

Wadda ba ta da murhun gashi na zamani, sai ta zuba rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kan gawayi, ta sa farantin a ciki, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin, kamar yadda ake gasa kek a gidajenmu. In sun yi ja sai ta rage wuta ƙwarai, ta bar su su bushe har ciki. Wanda bai bushe ba, cikin kwana biyu zai yi laushi ya yi fumfuna.

Dafa sukari sai da haƙuri

Duk yaron da ya tashi a Arewa ya san hanjin ligidi da gullisuwa da alewar madara. To, abin da Turawa ke kira karamel ɗan'uwansu ne. A zuba sukari kofi 1 a tukunya mai kaurin gindi, da ruwa kwatan kofi, da ɗigon lemon tsami kaɗan. Amfanin tsamin shi ne ya hana sukarin komawa tsaki-tsaki, kuma dalilin ke nan da iyayenmu ke jefa tsamiya cikin sukarin alkaki. Da zarar ya tafasa, a daina juyawa. Sukari yakan fara sauya launi a zafin da ya kai wajen digiri 160 zuwa 170, watau ya fi tafasasshen ruwa zafi sosai. In ya yi kalar zuma sai a sauke, a saka man shanu babban cokali 3 da rabin kofi na madarar ruwa mai ɗumi. Zai yi bori ya taso, saboda haka a tsaya nesa kaɗan, a kuma kori yara daga wurin, domin ƙunar sukari tana manne wa fata.

A mayar kan wuta kaɗan ana juyawa. Wadda ba ta da ma'aunin zafi sai ta ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. In ya watse, da saura. In ya dunƙule ya yi kamar ƙaro mai laushi a tsakanin yatsu, ya yi. In ya yi ƙarau kamar kwalba, ya wuce, zai cuci haƙoran masu saye. A bari ya ɗan huce, a tsoma rabin kowane ɗaya, a jera a takarda mai maiƙo ko farantin da aka shafa wa mai. Wadda ta sami mazarƙwaila irin ta ƙasar Zazzau, za ta iya musanya rabin sukarin da ita, ƙamshin ma ya fi.

Cakulan da zafin Barno

Cakulan ana yin sa ne da 'ya'yan koko, ba kokon da ake damawa da kamu ba, itacen nan da ake nomawa a jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke noma shi, kuma da kuɗinsa ne aka gina dogon benen nan na Ibadan da ake kira Cocoa House, wanda aka buɗe a 1965. Duk da haka yawancinsa ɗanye ake fitarwa, a sarrafa a Turai, a dawo mana da shi da tsada. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda rashin kyawun amfani a Gana da Kodebuwa. Don haka mai sana'a ta ɗauki cakulan a matsayin ado, ta zizara shi da cokali maimakon ta dulmiya komai a ciki.

Wajen narkarwa, ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye. A yanka shi ƙanana, a sa kashi biyu cikin uku a busasshen kwano, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi. In ya narke a sauke, a zuba sauran, a yi ta juyawa har ya huce. Wannan ne ke sa ya daskare da sheƙi. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki, sai ya cure ya ƙi shafuwa. Tun bai daskare ba sai a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ko soyayyen riɗi.

Babbar matsala ita ce zafi. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, alhali a watan Afrilu zafin Barno kan wuce 40. Saboda haka lokacin wannan kaya shi ne hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Da bazara sai a tsaya ga mai sukari da riɗi kawai, ko a nemi cakulan ɗin masu kek wanda aka haɗa da man ƙwarar manja, shi ya fi jure zafi. Inda babu lantarki, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya sami kyautar Rolex a 2000. Sai dai a sa kayan cikin mazubi mai murfi sosai, don danshi yana sa cakulan fari-fari.

Ina alkamarmu?

Tambayar da ta rage ita ce ta fulawa. An kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, aka tsara babban aikin ban ruwa a ƙasar Marte na kadada kimanin 67,000, da niyyar Barno ta ciyar da ƙasa da alkama da shinkafa. Sai fari ya zo, tafkin da ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja da baya, magudanai suka bushe. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ɗage hanin a 1992. Rikicin 'yan shekarun nan kuma ya kori manoma daga Marte. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fito da irin alkama masu jure zafi, amma har yau mafi yawan fulawar da muke ci daga alkamar waje ake niƙa ta. Duk ranar da Naira ta faɗi, mai soya cincin a Konduga ita ma sai ta ji a jikinta.

Don haka wadda za ta shiga wannan sana'a, ta fara da kaɗan. Ta rubuta kuɗin fulawa da sukari da mai da gawayi da leda, ta ƙidaya guda nawa suka fito, kafin ta yanka farashi, domin mata da yawa suna cinye uwar kuɗi suna zaton riba ce. Ta nemi masu biki da masu suna da masu kanti a Maiduguri ta riƙa kai musu a ƙulle, maimakon ɗora wa 'yarta tire a lokacin makaranta. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke koya wa mata sana'a su kuma ya kamata su haɗa koyarwa da jari da hanyar kasuwa, don koyo ba kayan aiki wahala ce kawai.

Ba muna cewa a yar da alkakin gara ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu cakulan da zai yi wata uku a kwalla kamar yadda alkaki ke yi. Amma hannun da ya iya wancan zai iya wannan, kanwa tamu ce, gyaɗa da riɗi namu ne, koko ma na ƙasarmu ne. Kuɗin da 'ya'yanmu ke kai wa masu kayan leda na waje, ya fi kyau ya shiga hannun wata uwa a Konduga wadda ke da bakuna biyar da za ta ciyar.