Wasan Harbi Mai Dabara a Na'urar Hannu: Ƙarfi da Raunin SOCOM Fireteam Bravo

Wasannin bidiyo na harbi sun kasu gida-gida. A wasu, ɗan wasa yana kutsawa cikin maƙiya da gudu, yana ɓarin wuta ta ko'ina, harsashi goma ya same shi bai faɗi ba. A wasu kuma an gina komai a kan dabarar soja: harsasai kaɗan sun isa su kashe mutum, ƙarar bindiga tana ankarar da masu gadi, kuma dole a yi tafiya da abokan aiki ana ba su umarni. Wannan rukuni na biyu shi ne wasan harbi mai dabara, kuma Rainbow Six da Ghost Recon da SOCOM suna cikin fitattunsa. Asalinsu an ƙera su ne don kwamfuta ko na'urar da ake jona wa talabijin, shi ya sa mayar da su kan na'urar da ake riƙewa a hannu ya zama aiki mai wuya. SOCOM: U.S. Navy SEALs Fireteam Bravo misali ne da ke nuna abin da ake samu da abin da ake rasawa a wannan sauyi.

Kamfanin Zipper Interactive da ke jihar Washington ta Amurka ne ya ƙirƙiri wasan, Sony kuma ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2005 a kan na'urar PSP. Ɗan wasa yana riƙe da jagoran zaratan sojojin ruwan Amurka mai laƙabin Sandman, tare da abokin aiki ɗaya mai laƙabin Lonestar. Ayyukan suna gudana a Chile da Maroko da Kudancin Asiya da Poland, kuma sun haɗa da tattara bayanan sirri, lalata makamai, kama shugabannin 'yan tawaye da ceto waɗanda aka yi garkuwa da su. A SOCOM na farko, wanda ya fito a PlayStation 2 a 2002, mutum huɗu ne a tawaga. Rage su zuwa biyu shi ne sassaucin farko da ƙaramar na'ura ta tilasta.

Ba a fahimtar wasan sai an san na'urar. Allon PSP inci 4.3 ne, mai ɗigo 480 a kwance da 272 a tsaye. Ƙwaƙwalwar aikin samfurin farko megabait 32 ce, wasanni kuma suna zuwa a ƙaramin faifai mai suna UMD. Abin da ya fi komai tasiri shi ne 'yar sandar sarrafawa: guda ɗaya ce tak, a gefen hagu. A PlayStation 2 sanduna biyu ne, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta juya kallo da saita bindiga. Da aka rasa ta biyun, sai Zipper ya ɗora saiti a kan maɓalli guda: idan aka danne shi, bindiga tana kama abokin gaban da ke cikin zangonta da kanta. Wanda ke son auna wuri da hannunsa, kamar mai harbi daga nesa, sai ya shiga wani yanayi na daban inda sandar ke juya kallo maimakon tafiya.

Daga wannan tsari babban ƙarfin wasan ya fito. Tunda na'ura ta ɗauke wahalar saiti, hankalin ɗan wasa yana komawa kan shawara: ta wace hanya za a shiga sansani, a tsaye ko a durƙushe ko da rarrafe, da bindiga mai abin rage ƙara ko da gurneti, a harbe mai gadi ko a tilasta masa ya miƙa wuya. Kama maƙiyi da saiti ba ya nufin harsashi zai same shi, domin gudu da tsayuwa da nisa da irin makamin duk suna shafar daidaiton harbi. Umarnin da ake ba Lonestar ma an sauƙaƙa shi. Idan aka nuna ƙofa ko wani wuri, wasan yana kawo umarnin da ya dace da abin da aka nuna, ba sai an bi dogon jerin zaɓi ba.

Ƙarfi na biyu shi ne wasa da jama'a. A lokacin da wasan ya fito, mutum 16 suna iya fafatawa lokaci guda ta intanet, su yi magana da juna ta abin sawa a kunne mai makirufo. A 2005 wannan ba ƙaramin abu ba ne a na'urar da ke shiga aljihu. Waɗanda ke zaune wuri ɗaya kuma suna iya haɗa na'urorinsu ba tare da waya ko intanet ba. Akwai kuma tsarin da aka sanya wa suna Crosstalk, wanda ke haɗa wasan da SOCOM 3 na PlayStation 2 ta wayar USB, ta yadda kammala wasu ayyuka a ɗayan yake buɗe makamai ko ya sauƙaƙa wani aiki a ɗayan. Ga wanda ba shi da lokaci mai tsawo, akwai yanayin da ake zaɓar fili da irin aikin a shiga kai tsaye ba tare da bin labari ba.

Raunin ma tushensa ɗaya da ƙarfin. Saitin da ya sauƙaƙa wasan ya rage darajar gwanintar hannu, musamman a fafatawar intanet, inda sau da yawa wanda ya riga danna maɓalli shi ke rinjaye. Yana kuma iya tona asirin maƙiyin da ido bai gani ba tukuna, abin da ke rage fargabar da ake nema a irin wannan wasa. Idan maƙiya sun taru, saitin yakan kama wanda ba shi ne mafi haɗari ba. Maɓallan PSP ba su kai na PlayStation 2 yawa ba, saboda haka an cusa ayyuka da dama a kan maɓalli ɗaya, wani a taɓa shi, wani a danne, kuma sabon ɗan wasa yakan rikice a tsakiyar artabu.

Ƙanƙantar allo ita ma matsala ce ga wasan da ya dogara da hangen nesa. Soja sanye da kayan saje a can ƙarshen fili bai wuce 'yan ɗigo ba, kuma a cikin hasken rana ko a ayyukan dare ganinsa sai an ƙura ido. Ƙarancin ƙwaƙwalwa ya sa filaye sun yi fayau, babu yawan ciyayi da gine-gine, kuma motocin da ake tuƙawa a SOCOM 3 ba su samu shiga ba. Basirar maƙiya tana da giɓi: wani lokaci mai gadi yakan tsaya ƙiƙam bayan an harbe na kusa da shi. Faifan UMD yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe fili, juyawarsa da amfani da intanet kuma suna shan batirin da Sony ya ƙiyasta zai yi awa 4 zuwa 6. Akwai kuma saɓani na asali: dabara tana son natsuwa da sauraron takun ƙafa, alhali na'urar hannu a mota da layi da cikin hayaniya ake yawan kunna ta.

Wasannin da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin toshe waɗannan kafofi ta hanyoyi daban-daban. Fireteam Bravo 2 na 2006 ya ƙara tsarin maki da ake samu ta kammala ayyuka da kare fararen hula, a musanya su da makamai da tallafi. Tactical Strike na 2007, na kamfanin Slant Six Games, ya karɓe harbin daga hannun ɗan wasa gaba ɗaya, ya bar masa ba da umarni ga tawagar mutum huɗu. Fireteam Bravo 3 na 2010 ya ba mutum huɗu damar yin labarin tare. Matsalar saiti ba ta kau ba sai da PlayStation Vita ta zo da sanduna biyu da allo mai inci 5, inda Zipper ya fitar da Unit 13 a Maris na 2012. A watan ne kuma Sony ya rufe kamfanin Zipper, sannan a ƙarshen Agusta na shekarar aka kashe sabar intanet ta wasannin SOCOM na PSP. Wanda ya samu Fireteam Bravo a yau, abin da ya rage masa a hukumance shi ne labarin mutum ɗaya da wasa da waɗanda ke kusa da shi.