Wai Zomo Ba Ya Shan Ruwa?

"Ai zomo ba ya shan ruwa, in ma ya sha zawo zai yi." Maganar nan ta daɗe a bakin masu kiwo, kuma duk bazara sai ta ci zomaye. Ga inda ta samo tushe: da damina, ɗanyar ciyawa da ganyen dankali suna ba zomo yawancin ruwan da jikinsa ke nema, sai mai shi ya ga kwanon ruwa bai ragu ba, ya yanke hukunci. To amma a Maris da Afrilu, da abinci ya koma busasshiyar harawa da dusa, zomon da aka hana ruwa daina ci yake yi, hanjinsa ya tsaya, ya mutu a ce annoba ce. Zomanya mai shayarwa ta fi kowa shiga uku: nono ya ƙafe, wani lokaci har ta cinye 'ya'yanta. Zawon da ake gudu kuwa, yawanci ƙazantar keji ce ko sauya abinci farat ɗaya ke jawo shi.

Akwai kuma masu cewa tunda zomo dabbar dawa ce, rana ba ta dame shi ba. Sun manta cewa kakannin zomon gida daga Turai suke, kuma a rami suke wuni. Zomo ba ya gumi kamar mu. Ta jijiyoyin kunnuwansa yake fitar da zafi. Da zafi ya haura digiri 30 ya fara galabaita, balle a Sakkwato ko Maiduguri inda yakan wuce 40. Keji a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana tanderu ne. A mai da shi gindin bishiya inda iska ke ratsawa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, a zuba abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Zafin nan kan kashe ƙwayoyin haihuwar namiji har na makonni, shi ya sa barbarar bazara kan tashi a banza, a ɗora wa macen laifi, a sayar da ita.

Kunnuwan nan kuma ba marataya ba ne, komai saba ɗaukarsa da su da aka yi a kasuwa. A riƙe fatar kafaɗa, a tallafi ƙugu da ɗaya hannun, don in ya yi shure-shure yana lilo, kashin bayansa na iya karyewa.

Wanda ya ga zomonsa yana cin kashinsa mai laushi da dare, kada ya nemi magani. Da haka yake samun wasu sinadaran gina jiki. Haka ma uwar da ba a ganinta kan 'ya'ya, ba yar da su ta yi ba. Bayan ta yi goyon cikin kwana 31 ko kusa da haka ta haihu, sau ɗaya ko biyu kawai take shayarwa a yini, na 'yan mintuna. A leƙa da safe: in cikin jariran ya cika dam, sun sha.