Yadda Firintar 3D Ke Dawo da Tsofaffin Na'urori Bakin Aiki

A Sanyinna da ke ƙaramar hukumar Tambuwal a jihar Sakkwato, kamar sauran garuruwa, ba kullum ne lalacewar inji ke sa a yi watsi da na'ura ba. Wani lokaci marfin batirin rediyo ne ya ɓace, ko maɓallin fanka ya tsage, ko mariƙin fitilar caji ya ɓalle. Mai gyara zai iya liƙe wayar da ta tsinke da dalma, amma robar da kamfani ya daina ƙerawa tuntuni da wuya a same ta, ko da an aika Sakkwato ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Daga nan sai a ɗaure da kyauro, ko a jefar.

Asarar ba ƙarama ba ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka sake sarrafawa a hukumance bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

A nan ne firintar 3D ke da amfani. Na'urar tana narkar da zaren roba, ta riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa har siffar abin da aka zana a kwamfuta ta fito. Ana auna robar da ta karye, a zana irinta a manhajar Tinkercad wadda kyauta ce, ko a nemi zanen da wani ya riga ya ɗora a shafukan Thingiverse da Printables. Wannan binciken ko da waya ana iya yin sa.

Fasahar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A 2013, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa firintar W.Afate a cibiyar WoeLab da ke Lome, ƙasar Togo, da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci. A shekarar ce kuma Nokia ta saki zanen marfin wayar Lumia 820 domin masu ita su buga nasu.

Sai dai yanayin Sakkwato yana da nasa sharaɗin. Robar PLA, wadda ta fi sauƙin aiki, tana fara laushi a wajen digiri 60 na zafi. Abin da aka bari cikin mota a rufe a watan Afrilu zai iya lanƙwashewa. Robar PETG ta fi juriya, don takan kai wajen digiri 80. Sannan bugun abu ɗaya yakan ci sa'o'i, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na iya ɓata aikin, saboda haka sola da batiri sun zama dole.

Haka kuma irin wannan firinta roba kawai take fitarwa. Ba ta yin sikirin, ba ta yin batiri, kuma bai dace a buga mata kan caja ko soket ba, domin gudun gobara.

Ba sai kowane shago ya mallaki na'urar ba. Matashin da ya iya awo da zane zai iya tura fayil ta WhatsApp ga mai firinta a birni, a aiko masa da kayan a motar haya. Shi ya sa bai kamata a zubar da robar da ta karye ba: daga jikinta ake ɗaukar awon sabuwa.