Faifan sanfefa: Abin da bidiyon gyaran mota ba ya nuna maka

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: a kawo mota ta lotse kamar gwangwanin madara, a yi ta gurza tartsatsi na tashi, cikin daƙiƙa 40 sai ga ta tana sheƙi. Ni ma ina cikin masu tura wa abokai irinsa, har sai da abin ya zo gidanmu.

A bara wani mai adaidaita sahu ya goge wa yayana ƙofar mota. Muka kai wani gareji, kwana biyu aka ce mu zo mu ɗauka. Gaskiya aiki ya yi kyau a ido, har da ƙara wa yaran shago na shan ruwa. Wata uku bayan nan, duk lokacin da rana ta haska ƙofar sai ka ga wasu layuka zagaye-zagaye a ƙarƙashin fentin, kamar an yi zane da ƙusa. Da muka kai wa wani fanel bita na daban, ko taɓawa bai yi ba ya gane matsalar: an gurje wurin da faifai mai kaushi, aka tsallake matakai, aka fesa fenti. Kuɗi biyu ke nan a kan ƙofa ɗaya.

Lambar da ke bayan faifan

Ka juya kowane faifan sanfefa, za ka ga lamba kamar P36, P80 ko P320. Harafin P yana nufin an bi ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kayan gurza ta Turai, wato FEPA. Dokar mai sauƙi ce: ƙaramar lamba, manyan ƙwayoyi, kaushi sosai. Babbar lamba kuwa laushi.

P24 zuwa P40 su ne masu kaushi. Aikinsu cire tsatsa, kankare tsohon fenti da tsohuwar fila, da daidaita tudun walda. P80 da shi ake sassaƙa fila ta ɗauki siffar jikin motar. P180 ya goge sawun da P80 ya bari, P320 ya shirya wurin kafin a fesa firaima. Ita kanta firaimar ana bin ta da P400 zuwa P600 kafin fenti ya hau. Kowane mataki share sawun na gabansa yake yi, shi ya sa ƙwararru ba sa son a yi tsallen da ya wuce lamba 100 a matakan farko.

Ga lissafin da ya ba ni mamaki. Ƙwayar P36 ta kai kusan rabin milimita, alhali kwanon jikin yawancin motocin zamani bai cika milimita ɗaya ba. Ka ga ke nan faifan ba abin wasa ba ne a kan ƙofar mota.

Inda ake yin ɓarnar

Ƙaramar giranda ta hannu tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Idan aka danne ta a wuri guda, kwanon yakan yi zafi ya lanƙwashe, ya kuma ƙara sirancewa. Maganin gaggawa sai a lafta fila. Ita kuwa fila an yi ta ne don cike ƙananan ramuka, ba don gina ƙofa ba. Idan kaurinta ya wuce kamar milimita 6, tsagewa na nan tafe, ruwa ya shiga, tsatsa ta dawo.

Su kuma layukan da muka gani a motar yayana, ga yadda suke fitowa. Mai sauri yakan fesa firaima mai kauri ta rufe sawun faifan. Ranar farko wurin sumul. A hankali tina da ke cikinta tana bushewa, firaimar ta tsuke ta faɗa cikin ramukan, fentin sama ya bi ta. Motar ta bar gareji, kuɗi sun shiga aljihu, sannan asiri ya tonu.

Akwai kuma tartsatsi. Idan ba a rufe gilashi ba, ɓurɓushin ƙarfe mai zafi yakan maƙale a jikinsa, ba ya fita. Gurza kusa da tankin mai kuwa, wannan neman gobara ne.

Yaron da ke riƙe da girandar

Wannan ne ya fi damuna. Ka shiga gareji a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, sau da yawa mai gurzar sa'anmu ne ko ƙaninmu. Gashin kansa ya yi fari da ƙurar fila, ba tabarau, ba abin rufe hanci, wani lokacin an ma cire murfin kariyar girandar wai don aiki ya yi sauri.

Ƙurar nan huhu take shiga. Wasu tsofaffin fenti suna ɗauke da dalma, kuma mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Can daga niƙan duwatsun zinare ne, amma hanyar ɗaya ce: ƙura. Takunkumin asibiti irin na lokacin korona bai isa ba, mai lambar N95 ko FFP2 ake buƙata, feshin fenti kuma yana da nasa na musamman. Tsinken ƙarfe ɗaya ya ishi ido. Sannan kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka. Idan injin ya fi shi gudu, ko faifan ya sha danshin damina ya lanƙwashe, yana iya tarwatsewa a fuskar mai aiki.

Kafin ka biya

Idan za ka kai mota gyara, ka tambayi Oga da wace lamba zai gama kafin firaima. Mai sanin aikinsa ba zai ji haushi ba. Ka nemi ganin wurin kafin a fesa fenti, ka shafa da hannu. Kada kuma ka matsa masa da "gobe nake so", domin gaggawarmu ce ke sa wasu tsallake matakai.

Idan kuma motar hannu za ka saya, ka tafi da ƙaramin maganaɗisu, ka naɗe shi a ƙyalle. Inda ya kama a ƙofa ɗaya amma ya ƙi kamawa a ɗayar, akwai fila mai kauri a ƙasa. Ka dai tuna ba ya kama roba ko alminiyam. Ka duba motar da rana tsaka, daga gefe, ba da magariba ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai koyon sana'ar, idan Oga bai saya maka tabarau da takunkumi ba, ka tara na shan ruwanka ka saya. Ƙofar mota idan ta lalace akwai wata a Ƙofar Ruwa. Ido kuwa ba a sayar da shi a can.