Kaptar na iska a cikin mota: yadda ake haɗa shi daidai

Ƴan uwa direbobi, da ku yaran gareji masu koyon aiki, wannan bayani naku ne. Mai mota ma ya karanta, don kuɗin mai daga aljihunsa suke fita.

A da, motocin da muka saba da su, irin Peugeot 404 da yawancin 504, karbiratar ke gare su. Makaniki yana gyara ta da hannunsa da kunnensa. Motocin da ake kawo mana yanzu daga Turai ba haka suke ba. Allura ke gare su, wadda ake ce wa anjektar. Ita ke fesa esansi cikin inji. Amma allura ba ta san yawan man da za ta fesa ba. Wani ɗan akwati ne ke ba ta umurni. Makanikai na ce masa kalkilatar, wato ƙwaƙwalwar mota.

Inji ba mai kaɗai yake sha ba, iska ya fi sha. Kilo 1 na esansi yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone da kyau. Don haka dole kalkilatar ya san yawan iskar da ke shiga. A motoci da dama, kamar Toyota Corolla ta shekarun 1990, wani ɗan abu ne ke gaya masa. Sunansa kaptar. Bai fi kwalin ashana girma ba sosai. Dabarar tsohuwa ce: tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa irinta a motar Volkswagen.

Ga yadda yake aiki. A bakin hanyar iska akwai wata ƴar ƙofa, ana ce mata papiyo. Idan direba ya ɗauke ƙafa, ƙofar tana kusan rufewa. Inji yana ta zuƙa, iska kaɗan ke wucewa, kamar mai tsotson ruwa da siririn kara. A lokacin nan ƙarfin iskar da ke bayan ƙofa yana sauka, ya koma wajen kashi 1 cikin 3 na iskar waje. Idan direba ya taka mai, ƙofa ta buɗe, iska ta cika hanya. Kaptar yana jin wannan hawa da sauka, ya mai da shi kuran, ya aika wa kalkilatar. Iska kaɗan, mai kaɗan. Iska da yawa, mai da yawa.

To, ina matsala take? Sau da yawa a tiyo take.

A wasu motoci kaptar yana ɗaure a jikin hanyar iska. A wasu kuma yana gefe, ɗan siririn tiyo na roba ke haɗa su. Tiyon nan dole a sa shi bayan papiyo, wajen da inji ke zuƙa. Idan an sa shi gaban papiyo, ko ya tsage, ko ya fita, kaptar iskar waje zai ji. Sai ya gaya wa kalkilatar cewa direba ya taka mai har ƙasa, alhali mota tana tsaye a tasha. Allura ta yi ta zuba mai. Hayaƙi ya fito baƙi ƙirin, buji su yi baƙi, inji ya yi ta rawa a ralanti, wani lokaci ya mutu.

Na taɓa ganin wata motar haya da aka wanke wa inji ranar kasuwa. Yaro ya cire tiyo biyu, da ya zo mayarwa ya musanya su. Mai motar ya sayi buji sau biyu, ya sa aka wanke allura, har ana maganar sauke inji. Mako uku yana asara. Ashe aikin minti ɗaya ne. Shi ya sa nake cewa kafin ka cire tiyo ka ɗaura masa zare, ko ka ɗauki hotonsa da wayarka.

Zafin ƙasarmu yana busar da roba. Lanƙwasa tiyon da yatsa ka duba. In ya yi tauri ko ya nuna tsaga, canza shi da mai kauri ɗaya. Kada ka liƙe shi da leda. Kada kuma ka raba masa hanya da tiyon birki. Kaptar ya kasance sama da wurin da tiyo ya fito, bakinsa yana kallon ƙasa, don kada mai ko ruwa ya gangara cikinsa. Ba a zura masa waya, ba a hura masa iskar famfon taya. Abin da ke ciki siriri ne ƙwarai.

Sai maganar wayoyi. Yawancin kaptar waya 3 ke gare shi. Ɗaya tana kawo volt 5 daga kalkilatar. Ɗaya mas ce. Ta ukun ita ke mai da labari. In ka ga waya 4, ta huɗun ta awon zafin iska ce. Ku lura da kyau: volt 5 muka ce, ba volt 12 na batir ba. Wanda ya jawo kuran daga batir kai tsaye ya ƙona kaptar, wataƙila har da kalkilatar, wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Fitilar gwaji da aka saba amfani da ita a tsofaffin motoci ba ta nan wurin ba ce. Na'urar awon kuran ake sa wa, wadda ke nuna lamba.

Launin waya ba shaida ba ne. Kowane kamfani da jerinsa, kuma kaptar biyu suna iya yin kama a ido amma ƙafafunsu dabam. A Toyota ana kiran su VC, PIM da E2: VC ita ce volt 5, E2 mas, PIM mai labari. In fishi ya karye za ka sa wani, kashe kontak, ka yanke waya ɗaya ɗaya, kana haɗawa kafin ka yanke ta gaba. Kada wayar volt 5 ta taɓa ƙarfe. Wasu kaptar ma daga gare ta suke sha, mota tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Bayan ka haɗa, ka gwada. Buɗe kontak, kada ka ta da inji. Wayar labari za ta nuna wajen volt 4, a wata mota ya ɗan fi, a wata ya ɗan gaza. Ta da inji, ka bar shi a ralanti. Lamba za ta sauka tsakanin volt 1 da 2. Taka mai da sauri, ta hau nan take. In lamba ta tsaya wuri guda ba ta motsi, koma ka duba tiyo tukuna kafin ka ce a sayo sabon kaptar. Wanda ke da na'urar binciken mota, in ta nuna P0105 zuwa P0108, wurin nan take nufi. Amma ba ta ce kaptar ya mutu ba, ta ce ne a duba shi da tiyonsa da wayoyinsa.

Akwai wani kaptar da ba a so a haɗa shi da wannan. Shi ne na man inji, wanda ke kunna jar fitila mai hoton buta a gaban direba. Yawanci waya ɗaya ke gare shi. In ka buɗe kontak dole fitilar ta kama, in inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an manta an bar wayar a cire, ko ƙwan fitilar ya ƙone. Kada motar ta fita daga gareji sai an gyara wannan, domin ranar da man inji ya zube a hanya babu abin da zai gaya wa direba ya tsaya.