Gubar da ke kwance a ƙasan kwata

Duk wanda ya bi ta gefen rafin Getsi a Kano, hancinsa ne ke fara gaya masa ya iso. Ta nan ruwan masana'antun Bompai ke bi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa kuwa kogin Challawa yake nufa. Jama'a na kuka da wari da baƙin ruwan, amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba shi da wari. Yana kwance cikin laka.

Kakanninmu da bagaruwa suke jimar fata. Majemun zamani da gishirin kuromiyum suke yi, kuma fata ba ta shanye shi duka, ragowar sai kwata. Ga dalma daga tsofaffin batura da fenti, ga kadmiyum. Waɗannan ƙarafa kan manne wa laka su nutse. Ruwa ya wuce, su suna nan suna taruwa shekara da shekaru, domin ƙarfe ba ya ruɓewa. Ko an tafasa ruwan, ƙwayoyin cuta ne za su mutu, dalma tana nan daram.

Idan damina ta ƙarato akan yashe magudanan ruwa, aiki mai kyau, sai dai a bakin titi ake jibge baƙar lakar. Rana ta busar da ita, iska ta watsa, yara su yi wasa a kai. Masu lambu a gefen Jakara kuma da ruwan nan suke shayar da latas, kabeji da alayyafo. Ban ga laifinsu ba, shi ne ruwan da ba ya yankewa da rani. Amma ganye ta saiwa yake zuƙar kadmiyum, wankewa ba ta fitar da shi.

A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, duniya ta ji. Ta kwata a hankali take ci: dalma ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kadmiyum ya daɗe yana cin ƙoda kafin a farga.

Tun 2007 aka kafa hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma doka ta wajabta wa masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. Ko yau kowa ya bi dokar, lakar da ta riga ta taru sai an gwada ta, an kwashe, an binne a ramin da ba zai tsiyaya cikin rijiyoyin mutane ba.